Takardar miji AA, ta mata AS, yaro ya fito SS: ana iya kore ɗa da wannan?

Sakataren Sulhu, Rigasa

Assalamu alaikum. Wata magana ce ta zo gaban zauren sulhu na unguwa, ta kuma fi ƙarfin saninmu. An yi aure shekara biyu da suka wuce. Kafin a ɗaura, waliyyin amarya ya nemi takardar gwaji kamar yadda ake yi yanzu, ta ango ta nuna AA, ta amarya AS. Allah ya ba su ɗa namiji. Yana wata tara sai bayan hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ga kuka ba dare ba rana. Aka kai shi asibiti, gwaji ya ce SS ne.

Dangin miji suka ce lissafi a fili yake, AA ba ya haifar SS, a je a nemo uban yaro. Yau sati uku yarinyar tana gidan iyayenta. Ƙanin mijin kuma ya dage a je a yi DNA kowa ya huta. Shin hakan na iya faruwa alhali ɗan nasa ne? Wane gwaji ya kamata a fara? Kuma takardar lab tana iya kore ɗa a shari'a?

Mai Awon Jini

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, lissafin dangin miji daidai ne a allo, amma duk ya rataya a kan abu ɗaya da ba wanda ya tabbatar: cewa takardar nan ta AA gaskiya ta faɗa. Ita ya kamata a fara tuhuma kafin a taɓa mutuncin yarinya.

Kowa yana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke tsara himogulobin, wato sinadarin cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar numfashi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a kan kuromosom na 11. Yaro ba ya zama SS na ainihi sai ya karɓi S ta kowane ɓangare. Sai dai gwajin jinotayif da aka saba ba ƙwayar gadon yake leƙawa ba, jini yake dubawa. Ana ɗibar kamar mililita 2 a kwalba mai murfi launin shunayya, a wanke jajayen ƙwayoyin, a fasa su, a ɗiga a kan wata farar takarda ta musamman da aka jiƙa da ruwan sinadari mai pH wajen 8.6, a sa mata lantarki kamar minti 20 zuwa 30. Nau'o'in himogulobin sai su yi tsere a kan takardar: A a gaba, F na biye, S a baya, C can ƙarshe. Mai gwaji ya duba layukan da ido ya rubuta. Wannan shi ne elektiroforesis.

Ga inda ake samun tangarɗa. Dole ne a jera jinin da aka riga aka san nau'insa kusa da na mai gwaji don a kwatanta, wasu ba sa sawa saboda tsimi. Ruwan sinadarin idan aka yi ta maimaita shi ƙarfinsa na raguwa, layuka su ƙi rabuwa. A ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko janareta ya yi ƙasa, sai A da S su manne kamar layi ɗaya. Layin S a jinin mai AS dama ya fi na A disashewa, don bai cika wuce kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari ba, kuma yana ƙara raguwa ga mai ƙarancin sinadarin ayon. Ido mai sauri sai ya tsallake shi. Akwai kuma wuraren da ba sa ma yin elektiroforesis ɗin: ɗigon jini suke haɗawa da sinadari a ƙarƙashin madubin likita su ga ko ƙwayoyin za su lanƙwashe kamar lauje. Sinadarin nan sabo ake haɗa shi kullum, na jiya ba ya aiki, sai a ga babu lanƙwasa a rubuta AA.

Sai kuskuren da bai shafi na'ura ba. Gab da azumi, lokacin da ake ta ɗaura aure, kwalabe goma na iya taruwa a tebur ba a rubuta musu suna nan take ba. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani ake aunawa tare da nasa, tunda jar ƙwaya na rayuwa kwana 120. Ga kuma abin da kowa ya sani ba a faɗa: ango ya tura aboki a ɗebi jininsa, ko a sayi takarda kawai. Ban ce wannan angon ya yi ba, amma zauren ya san da ƙofar.

Abin yi: uba da uwa da yaro su je tare, rana ɗaya, wuri ɗaya, sashen nazarin jini na asibitin koyarwa, ko Barau Dikko a nan cikin gari ko Shika a Zariya. A nemi gwajin HPLC, wanda ke fitar da adadin kowane nau'i da lamba maimakon a dogara da ido, a haɗa da cikakken ƙidayar jini. Kowa ya nuna katin shaidarsa, a rubuta suna a kwalba a gabansa. In an yi wa yaron ƙarin jini a kwanciyar da ya yi, a faɗa musu ranar. Mafi yawan irin wannan rigima a nan take ƙarewa, uban ya fito AS.

Likitar Yara

Na yarda da duk abin da Malam ya zayyana, sai dai in ƙara wani abu, don kada a maimaita gwaji ya sake cewa AA a ce to shi ke nan, an kama ta.

Akwai gadon da ake kira beta-talasimiya. Mai ɗauke da shi, kwafi ɗaya na ƙwayar gadon nan tasa ba ta yin aiki sosai, ko ma ba ta yi sam. Ɗaya kwafin lafiya lau yake, yana fitar da A, don haka a takardar elektiroforesis layin A kaɗai za a gani, a rubuta AA, kuma mai gwajin bai yi ƙarya ba. Idan yaro ya gaji wannan kwafin da ba ya aiki daga uba, ya gaji S daga uwa, jikinsa ba shi da abin da zai ƙera sai S. A takarda kamar SS yake sak, ciwon ma iri ɗaya ne. Ana gane uban da lambobi uku: A2, wani nau'in himogulobin da kowa ke da shi kaɗan, ya haura kashi 3.5 cikin ɗari a HPLC, girman jajayen ƙwayoyi, wato MCV, ƙasa da 80, yawan himogulobin a cikin kowace ƙwaya kuma, wato MCH, ƙasa da 27. Ƙarancin ayon ma na ƙanƙantar da ƙwayoyi, yana kuma iya danne A2, shi ya sa in lambobin sun yi rawa sai a auna ayon ɗin, a gyara, a sake gwaji. Akwai kuma wani gadon da himogulobin ɗin jarirai, F, ke ci gaba da fita har girma. Shi ma ɗansa da mai AS na iya fitowa kamar SS a takarda, kodayake irin wannan yaron ba kasafai hannunsa ke kumbura ba, don haka a wannan magana ba shi na fi zargi ba. In duk waɗannan ba su warware ba, ana iya karanta ƙwayar gadon kanta kai tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron. Manya na ta shari'a, shi kuma yana shekarun da sikila ta fi kisa, ƙasa da biyar. Saifarsa ta fara lalacewa tun yanzu, ita ce kuwa ke tace wasu ƙwayoyin cuta. Yana bukatar fenisilin safe da yamma kullum har ya kai shekara biyar, da folik asid, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro, da cikakken rigakafi musamman na nimoniya. Daga wata tara ana iya fara masa haidiroksiyuriya, a auna ta da nauyinsa, a riƙa duba jini. Da ya cika shekara biyu a fara hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa duk shekara har 16; gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Zazzaɓi ya kai 38.5, asibiti a ranar, ba kemis ba. A koya wa uwar taɓa ƙasan haƙarƙarin hagu: in ta ji saifa ta kumbura, tafin hannu ya yi fari, yaro ya yi laushi, to jini ne ya taru a can, awoyi kaɗan ke gare su. Ga hunturu na tafe, sanyi da ƙishirwa na tayar da ciwon. Duk wannan kuɗi ne da kulawa, kuma zauren na iya tsayawa a kan uban ya ci gaba da ɗaukar nauyi tun yau, ba sai sakamako ya fito ba.

Almajirin Fiƙihu

Allah ya saka wa likitoci. Ta ɓangaren shari'a, Malam Sakatare, maganar ba ta da duhu. Ƙa'ida ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Matar aure ta haihu bayan wata shida ko fiye da tarewa, ɗa na mijinta ne, ba a neman wata hujja. Hanya ɗaya ta kore shi ita ce li'ani, wato rantsuwar miji da mata kan zargin, ayoyi na 6 zuwa 9 na Suratun Nur, a gaban alƙali, kuma miji kaɗai ke da wannan haƙƙin. A mazhabar Malikiyya ma an ƙuntata: wanda ya san da ciki ko haihuwa ya yi shiru ba uzuri, haƙƙin ya faɗi. To ina ga wanda ya yi huɗuba, ya yanka ragon suna, ya karɓi barka, ya yi wata tara yana ɗaukar yaro?

Uwar miji da ƙannensa kuwa ba su da li'ani. Abin da ke fita daga bakinsu sunansa ƙazafi, aya ta 4 ta wannan surar ta yanka masa bulala 80 ga wanda bai kawo shaidu huɗu ba. Ya kamata a karanta musu ita a zauren, da lafazi mai taushi amma ba a rage komai ba.

Wani ya taɓa zuwa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce matarsa ta haifi baƙin yaro. Ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Jajaye. Akwai mai ruwan toka a ciki? Akwai. Daga ina ya samo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta gado ta jawo shi. Sai ya ce masa ɗan naka ma wataƙila haka ne. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Abin da Likita ta bayyana na gadon da ke ɓuya a jikin uba bai yi nisa da wannan ba.

Batun DNA kuma, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kansa a 2002. Ta yarda a yi amfani da shi wajen binciken laifi, da gano iyayen yaron da ba a san nasabarsa ba, da inda jarirai suka cakuɗe a asibiti. Amma ta hana a kore nasabar da ta tabbata da shi, ko a gabatar da shi a kan li'ani, ko a yi shi don a "tabbatar" da nasabar da dama tabbatacciya ce. Wasu malaman zamani sun ga cewa in matar ce da kanta ta nema don ta wanke kanta, alƙali na iya amsa mata. Wannan daban yake da ƙanin miji ya tilasta.

Mai Awon Jini

Allah gafarta Malam, ba na jayayya da hukuncin, amma in an kai ga DNA ɗin a san yadda yake. Ana goge cikin kumatu da auduga, a kwatanta wurare 16 zuwa 24 na gadon. Uba na gaskiya yakan fito da kashi 99.9 ko fiye. Saɓani a wuri ɗaya tak ba ya kore uba, don sauyi na faruwa daga uba zuwa ɗa lokaci-lokaci. Lab mai hankali sai ya ga saɓani a wurare da dama. A haɗa da uwar a gwajin, saboda in jarirai aka musanya a ɗakin haihuwa, ita ma ba za ta dace ba, kuma gwajin uba da ɗa kaɗai ba zai nuna haka ba. Wanda ake yi a ɓoye, a goge bakin yaro a aika da shi ta tasha, bai da wanda zai shaida audugar ta wane ce. Hannun da ya rikita kwalbar jinotayif zai iya rikita wannan. Tsada kuma ya ninka HPLC sau da yawa, alhali HPLC ɗin ne zai amsa tambayar da ke gabanku.

Sakataren Sulhu, Rigasa

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To in aka je uban ya fito AS, me za mu ce musu? Tun yanzu wani dattijo na cewa in haka ne gara a raba auren tun ɗa ɗaya ne.

Likitar Yara

Malam, ku ba su lissafin, ku bar musu hukuncin. AS da AS, kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu ya zo SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kowane ciki sabon lissafi ne. Mutane na cewa tunda na fari ya ɗauke, uku masu zuwa sun tsira. Babu wannan, ciki bai san abin da wansa ya zo da shi ba. In za su ƙara haihuwa huɗu, damar duk su tsallake kusan kashi 32 ce cikin ɗari, in shida ne ta sauko kusan 18. In talasimiya ce ga uban, lissafin ɗaya cikin huɗun bai canja ba.

Akwai masu ci gaba da zama su taƙaita haihuwa, akwai masu rabuwa, kuma ba wanda za a ce ya yi laifi. Sai dai rabuwa ba ta warkar da wannan yaron, ƙara masa maraici take yi, kuma a al'adarmu uwa ake bari da jinya. Ana iya gwada ɗan tayi tun yana ciki, a ɗebi ɗan yanki na mabiyiya wajen mako 11 zuwa 13, ko ruwan mahaifa daga mako 15. Cibiyar sikila ta ƙasa da ke Idi-Araba a Legas tana yi. Amma a yi tunanin abin da za a yi da amsar kafin a nema, don dokar ƙasa ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma Malam Almajirin Fiƙihu zai fi ni sanin tsananin Malikiyya a kai. Masu hali kan haɗa ƙwai da maniyyin miji a lab, a gwada tun kafin a dasa a mahaifa, a zaɓi wanda ba SS ba. Miliyoyi ne, kuma ba kowane dashe ke kamawa ba. Dashen ɓargo na warkarwa, an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, amma ya fi nasara da ɓargon ɗan'uwa shaƙiƙi da ya dace, kuma kowane ɗan'uwa ɗaya cikin huɗu ne zai dace. Maganin gyaran ƙwayar gado, Casgevy, da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, dala miliyan 2.2 ne, kuma ɓargo kaɗai yake gyarawa, wanda aka yi wa zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa S.

Wani abu kuma da zaurukan sulhu da limamai da fastoci za su iya gyarawa. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasar nan AS ne, gadon ya yawaita ne don yana kare yara daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. AS ba ciwo ba ne, kuma ko SS ya auri AA na gaskiya, 'ya'yan duk AS za su zo. Amma kun ga yadda ake yi: sai an kai lefe, an buga kati, saura kwana huɗu, sannan a ce a kawo takarda. Wanda aka matse haka shi ke zuwa sayen ta bogi. Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwaji kafin aure, amma doka ba ta hana ruwan sinadari tsufa, ba ta kuma hana tura aboki. Gwajin ya dace a yi shi tun yaro na sakandare, a maimaita a wani wurin daban kafin manya su shiga magana. Auren zumunci ya fi bukatar haka, tunda 'ya'yan wa da ƙani kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu iri ɗaya ne.

Sakamakon da za a karɓo kuma na mutum uku ne, ba na unguwa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin majinyaci ba da izininsa ba, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin gado cikin masu bukatar kariya ta musamman. Kada a ɗauki hotonsa a tura guruf ɗin dangi a WhatsApp, kada a karanta shi a zaure. Miji da mata su zauna gaban likita tare, a yi musu bayani, su fito su faɗi iya abin da suka yarda a sani. In ya tabbata uban na ɗauke da S ko talasimiya, to daga iyayensa ya samo, kuma kowane shaƙiƙinsa damar yana ɗauke da shi aƙalla rabi ce. Ƙanin nan mai neman DNA, in bai yi aure ba, a ba shi takardar HPLC shi ma ya bi layi.